Kujerar da Ta Sha Duka

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin Malama Soja ba. Mace ce doguwa mai faɗin kafaɗa, muryarta kamar ta namiji, goshinta kuwa tun tana budurwa a tamke yake, ko da tana cikin farin ciki. In ta taho daga bakin layi da jakarta a hammata, tana taka ƙasa da ƙarfi da takalminta mai rufaffen baki, yara kan dare su ba ta hanya. Su ne suka laƙaba mata Soja, sunan ya bi ta har iyaye ma suka ɗauka. Ita kuwa baiwar Allah, tun da ta fara koyarwa hannunta bai taɓa sauka a jikin ɗan kowa ba.

Tana da dalilinta. Bahaguwa aka haife ta, 'yar wani mai gyaran keke da bai damu da wane hannu ɗansa ya ɗauki sifana ba, muddin dai ya miƙo masa. A firamare ne ta haɗu da malamin da ya ɗauki hannun hagunta abokin gaba. Kullum ta kama fensir sai ya sa gefen rula ya sare mata bayan yatsu, har ta haƙura ta koma dama. Har ta tsufa rubutunta bai yi kyau ba, ƙaramin yatsanta na hagu kuma a karkace ya zauna. Ba ta cika ba da labarin ba. In wani ya tambaya takan ce ƙofa ce ta datse ta, don ba ta son a tausaya mata.

Uban nata ya yi ta maza ya kai ta kwalejin horon malamai. Da ta fito ta yi shekaru tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, ta yi aure, ta haifi nata, suka girma suka kama gabansu. Ranar da ta bar makarantar ita ce ranar da mai makarantar ya tara malamai ya ce iyaye na ƙorafi an sakar wa yara fuska, sannan ya buɗe buhu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana raba musu sabuwar bulala kamar mai rabon alawa. Malama ta karɓi tata, ta ajiye masa a kan tebur, ta ɗauki jakarta. A lokacin mijinta, tsohon direba ne, ciwon baya ya riga ya zaunar da shi, zama kuwa bai kama ta ba. Haka ta shiga darasin gida, abin nan da ake ce wa lesin, tana bi gida-gida da yamma bayan an tashi daga makaranta.

Wanda bai yi lesin ba bai san cikin gidajen mutane ba. Baƙo falo ake kai shi, a fesa turare, a shimfiɗa masa fara'a. Malamar lesin kuwa ita ba baƙuwa ba, ita ba 'yar gida ba, don haka ba mai wahalar da kansa ya ɓoye mata komai. Ta zauna a teburin cin abinci da maiƙo ya kama har littafi ke mannewa. Ta koyar da lissafi talabijin na ihu a kanta, uban yaro na miƙe a doguwar kujera yana sakace haƙori yana cewa ta ɗaga murya shi ma ya ƙaru. Ta ga uwar da kan miƙo mata aikin gida ta ce, "Malama, ki ɗan cike masa kawai, yau ya gaji." Ta ga gidan da aka ware mata kofi guda mai tsagaggen baki, sai ka ce wata cuta take yawo da ita. Duk wannan takan haɗiye, in ta fito ƙofa ta ja tsaki ta wuce gida na gaba.

Abin da ya kasa wuce mata maƙogwaro shi ne yadda ake tarbarta da ƙara. Ko zama ba ta yi ba za a ce, "Yauwa Malama, ga shi nan, yau ya fasa mini faranti." A wani gidan a ce ya ƙi yin wanka, a wani a ce ta zagi kakarta. Mutane su haifi ɗa, su kasa yi masa magana, su tara laifinsa tun safe su jira wata ta zo ta yi musu aikin da suke jin nauyi. Malama kan dubi yaron ta ce, "Buɗe littafinka." Fuskarta kaɗai kan sa iyayen su ɗauka hukunci na tafe, su kama harkarsu, shi ke nan an wuce wurin.

A haka take har aka haɗa ta da gidan mai tayil. Mutumin ya nuna sana'arsa a gidansa kuwa, don ƙasa tayil ne, bango tayil, har matakalar ƙofa tayil, ko cokali ya faɗi a kicin sai na bakin ƙofa ya ji. Shi maigidan ba a cika ganinsa ba, kullum yana kanti. Matarsa ce ke riƙe da gida, mace fara mai jiki, mai yawan dariya, kowa Hajiya yake ce mata. Yaransu biyu, mace 'yar aji huɗu da ake kira Shiru-shiru saboda rashin maganarta, sai Auta, namiji, wanda bai isa shiga makaranta ba tukuna.

"Malama, ni ba na ɓoye-ɓoye," in ji Hajiya a ranar farko. "Masu lesin da muka sallama ba ɗaya ba, ba biyu ba. Duk hannunsu sanyi gare shi. Ke kuwa ina ganin fuskarki na ce to, an zo wurin."

Ta miƙa hannu saman firji ta sauko da bulala, ta kwantar da ita kusa da littafin yarinyar.

"Ki bar mini ido da haƙori kawai, sauran duk naki ne. Aji huɗu, ko sunan ubanta ba ta iya karantawa. Kunya ta hana ni zuwa makarantarsu."

Yarinyar na tsaye ana wannan magana a kanta. Hajiya ta ja labulen da ya raba ɗakin cin abinci da falo, ta koma ta zauna ta kunna talabijin.

Ba a ɗauki lokaci ba Malama ta gane inda matsalar take. Shiru-shiru ba daƙiƙiya ba ce. Ta san baƙaƙe, ta san wasula, amma da an tambaye ta sai kafaɗunta su ɗago zuwa kunne, idonta ya bar littafi ya koma kan hannun mai tambaya. Yaron da ke gadin hannu kuwa ba ya ganin rubutu. Malama ta tura bulalar ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta ɓoye hannuwanta a cinya, ta riƙa nuna harafi da haɓa kamar wadda aka ɗaure. A hankali yarinyar ta fara haɗa baƙi da wasali, muryarta can ƙasa, sai Malama ta sunkuyo take ji. Tafiyar hawainiya ce, amma tafiya ce.

Wata bai cika ba Hajiya ta tare ta a bakin ƙofa, ba dariyar nan.

"Malama, shiru nake ji."

"Karatu muke yi, Hajiya."

"Karatu ba kuka? Haba Malama, mu ma fa mun yi makarantar nan. Na duba bulalar, ko lanƙwasa ba ta yi ba. In ba za ki iya ba ki faɗa mini tun da wuri, maƙwabciyata ta yi mini maganar nasu malamin, Mai Bel. An ce shi ba ya wasa."

Malama ta san Mai Bel. Masu lesin sun san junansu kamar yadda direbobin layi ɗaya suka san juna. Wani ƙato ne da kan cire bel ɗinsa ya ajiye a kan tebur kafin ya yi sallama. Ta taɓa gadon wani yaro daga hannunsa, yaron da kunnensa ɗaya ya daina ji, iyayen kuma suna cewa ai taurin kai ne ya ja masa. A hanyarta ta komawa gida ranar nan ta yi ta juya maganar a ranta. Da wani gidan ne da ta ɗauki jakarta yadda ta saba. Amma in ta tafi ta san wanda zai zauna a kujerarta, ta kuma san abin da zai yi da 'yar mitsitsiyar yarinyar da ta fara buɗe baki. Gaba kura, baya sayaki.

Washegari suna cikin karatu Shiru-shiru ta yi tuntuɓe a wata kalma. Malama ta sunkuya ta ɗauko bulalar daga ƙarƙashin tebur. Nan take yarinyar ta runtse ido ta miƙo tafin hannunta da kanta, a buɗe, a miƙe, irin miƙowar wanda ya saba. Malama ta sunkuyo kusa da ita.

"Janye hannunki," ta ce da raɗa. "Kin ga kujerar nan? Ita zan doka. In na doke ta ki yi ihu."

Kujera ce cikin kujerun teburin, mai katifa da aka lulluɓe da leda, ba mai zama a kanta. Malama ta ɗaga bulala ta zabga mata. Tas! Gidan duka ya amsa. Yarinyar ta buɗe ido ta tsaya sororo. Malama ta harare ta ta ƙara wa kujerar. Sai abin da ba a taɓa ji ba a gidan ya faru, dariya ta ƙwace wa Shiru-shiru. Ta yi maza ta cusa gefen ɗankwalinta a baki, dariyar ta fito a shaƙe kamar shessheƙar kuka.

"Yauwa!" aka ce daga falo. "Ƙara mata, Malama! Allah ya yi miki albarka!"

Ranar nan aka kawo wa Malama lemo mai sanyi a kofin gilashi, da biskit a faranti. Ta dube su ta kawar da kai. Da za ta tafi ta ce azumi take yi.

Tun daga nan abin ya zama tsari. Ana tsakiyar darasi sai kujera ta sha nata rabon, sannan a ci gaba da karatu. Shiru-shiru kuwa ashe gwana ce. Ta iya ihun farko mai kaifi, ta iya "Wayyo Malama na tuba, ba zan ƙara ba," ta iya jan majina a hankali bayan an gama. Kafin ta fita takan lakaci yawu ta shafa a ido, ta riƙe hannu ɗaya da ɗaya tana ɗingishin da ba wanda ya koya mata. In Malama ta manta ita ke tuna mata. "Malama, yau ba mu yi ba, Mama za ta yi zargi." Ledar kujerar ta yi zane-zane har ta fara tsagewa, sai suka juya ta ta fuskanci bango, Malama ta kawo wani ƙyalle daga gida ta yafa mata.

Abin mamaki, ko kuma abin takaici, karatu ya zauna. Tun da suka haɗa sirri yarinyar ta daina gadin hannun Malama. In ta yi kuskure sai ta saci kallon kujerar ta yi murmushi ta sake gwadawa. Daga kalma ta koma jimla, daga jimla ta koma shafi. Ta fara karanta allunan kan titi a mota, ta karanta rubutun jikin kwalayen tayil da ubanta ke jibgewa a tsakar gida. Da aka raba sakamakon jarrabawa ta taso daga can ƙasa ta zo tsakiyar aji. Ranar ce kaɗai Malama ta ji muryar maigidan da kyau, yana falo yana cewa, "Ai na faɗa miki, Hajiya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan matar ta san aikinta."

Daɗi ya kashe Hajiya, bakinta kuma ya ƙi rufuwa. Ta ba da labari a gidan suna, ta ba da a waya, ta ba da a wurin gyaran gashi. Bai ishe ta ba har ta fara gayyato ƙawayenta daidai lokacin lesin. Su zauna a falo da lemo a hannu, a kashe talabijin, a yi tsit ana jira. Da an ji tas, an ji ihun yarinya, sai a yi ta gyaɗa kai. "Kin ji ko? Haka take mata kullum." Wata ta ce, "Kai, Hajiya, kin dace." Manyan mata, iyayen yara, sun yi kwalliya sun zo sauraron kukan 'yar ƙawarsu kamar masu zuwa kallon wasa. In Malama ta fito sai su yi mata caa, kowa na son lambar wayarta, kowa na da wani ɗan banza a gida da ke bukatar irin hannunta. Takan ce lokacinta ya cika, ta ratsa su ta wuce tana riƙe numfashi, don ko turarensu ba ta son shaƙa.

Mutum ɗaya ta faɗa wa gaskiya, ƙanwarta mai ɗinki, wadda takan biya shagonta in ta taso. Ƙanwar ta yi dariya har ta saki keken ɗinkin, amma da ta gama sai ta goge ido ta dube ta.

"Yaya, kin ceci fatar yarinya, ban musa ba. Amma kin san abin da kika sayar wa uwarta? Duk wanda ya tambaye ta me ya buɗe kan 'yarta, bulala za ta ce. Ta kuma ji da kunnenta, ta ga sakamako da idonta. Wa zai ƙaryata ta?"

"In yarinyar ta tsaya da ƙafarta zan zaunar da ita in faɗa mata."

"Yaushe?"

"Ke dai yi ɗinkinki."

Malama ta so ta faɗa ɗin. Sau da yawa takan shirya maganar a hanya, ta iso ta tarar da baƙi, ko ta ga jarrabawa ta matso ta ce bari a wuce wannan. Gaskiyar magana kuma, tana jin daɗin wasan. A duk yawon lesin ɗinta ba ta taɓa samun ɗalibar da ke murnar ganinta kamar Shiru-shiru ba, mace kuwa mai irin fuskar Malama ba ta saba a yi murnar ganinta ba. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ta Malama ta yi 'ya'ya, ta kuma nuna.

Bayan dogon hutu aka sa Auta a makaranta. Wata ranar, gidan da Malama kan fara zuwa suka yi tafiya ba su sanar da ita ba, sai ta wuce gidan mai tayil tun rana na sama. Tun daga bakin ƙofa ta ji ƙarar. Ta tsaya cak. Kunnenta ya san kukan bulala a kan leda, busasshe ne mai amo. Wannan kuwa a dunƙule yake fita, ba amo. Ihun da ke biye da shi ma ba irin na Shiru-shiru ba ne mai tsari, wannan sarƙewa yake yi yana ɗaukewa. Ta shiga ko sallama ba ta yi ba, ta yaye labulen.

Auta na tsaye a jikin tebur da kayan makarantarsa, littafin koyon baƙaƙe a buɗe gabansa, ƙafafunsa duk sun yi ruɗu-ruɗu. Hajiya na kansa da bulala, ɗankwali ya zame, tana haki. Shiru-shiru na manne da bango.

"A'a, Malama, yau da wuri? Shigo ki gani, ɗalibarki ce ni yanzu," in ji Hajiya tana dariya tana share gumi. "Na ce wannan ba zan bari ya kai aji huɗu ba. Tun yanzu zan fara masa irin naki. Tun da ya dawo muke abu ɗaya, ya kasa bambance harafi biyu."

"Hajiya, ajiye bulalar nan."

"Ba haka kike yi ba? Ko a hannu ya fi shiga?"

"Ki ajiye na ce. Ni ban taɓa dukan 'yarki ba."

Hajiya ta dube ta, ta fashe da dariya. "Kai Malama, ashe kin iya barkwanci."

"Ba barkwanci nake ba. Ko sau ɗaya ban taɓa ta ba. Kujera nake duka, ita kuma ta yi ihu. Ba duka ne ya koya mata karatu ba, rashinsa ne." Ta taka ta dafa ƙyallen da ke kan kujerar. Ja ɗaya za ta yi, zanen bulala na wata da watanni ya bayyana.

Dariyar Hajiya ta ɗauke. Ba Malama ta duba ba, ba kujerar ba. 'Yarta ta juya ta duba, a hankali, bulalar na hannunta.

"Ke, zo nan."

Shiru-shiru ta taho, kafaɗunta sun ɗago zuwa kunne.

"Gaskiya ne? Wato duk ihun nan raina mini hankali kike yi? A gaban ƙawayena? Na tara mata ina ba da labari, ke kina ciki kina mini dariya?" Muryarta ta yi ƙasa, ta gyara riƙon bulalar. "Buɗe baki ki ba ni amsa."

Yarinyar ta ɗago ta dubi Malama. Kallon bai daɗe ba, amma Malama ta karanta abin da ke cikinsa tsaf. Ita in an gama za ta ɗauki jakarta ta tafi gidanta. Yarinyar nan ce za ta kwana a gidan, da uwar da aka kunyata a gaban ƙawaye, da uban da zai dawo a ba shi labari, gobe kuma a kira Mai Bel.

"A'a, Mama," in ji Shiru-shiru. "Tana dukana. Kullum tana dukana."

Hannun Malama na kan ƙyallen. Ta ji yatsunta sun saki da kansu. A rayuwarta ta sha ƙyamar mutane, ta ƙyamaci malamin rula, ta ƙyamaci mai makaranta da buhunsa, ta ƙyamaci matan falo. Ba ta taɓa jin ƙyamar da ta kai wadda ta ji ba lokacin da ta buɗe bakinta ta ji abin da ke fita.

"Zolayarki nake, Hajiya. Na ga kina neman ƙwace mini sana'a ne."

Hajiya ta saki ajiyar zuciya ta dafa ƙirji, dariya ta dawo. "Kai, Malama! Wallahi har kin tsinka mini zuciya. Na ce ni za a mayar sakarya a gidana?"

"Ba ki iya ba ne, za ki ji masa ciwo a banza. Ba ni shi. Daga yau ni zan riƙa yi masa, ke kar ki ƙara sa masa hannu, kar ki ɓata mini aiki."

Abin da ya rage mata ke nan. In ta karɓi yaron, ko ba komai bulalar ta dawo hannunta, kujera kuma na nan.

"Da ma hannuna ya gaji," in ji Hajiya. Ta danƙa mata bulalar, ta tura ƙeyar Auta. "Je ka wurin Malama, yau za ka gane kurenka."

Sai yaron ya ƙwalla wata irin ƙara. Ya juya ya rungume ƙafafun uwarsa, uwar da ta gama farfasa masa jiki yanzun nan, ya cusa fuskarsa a zanenta.

"Mama ki yi haƙuri! Ke ki dake ni! Mama don Allah ke ki dake ni, kar ki ba ta ni! Zan iya, wallahi zan iya!"

Sai a lokacin Malama ta tuna da shi. Duk watannin nan da take zabga wa kujera, yayarsa na ihu tana cewa ta tuba, yaron nan yana falo a gindin uwarsa yana ji. Ba wanda ya raɗa masa cewa wasa ne. Ita ta yi lissafin uwar, ta yi lissafin 'yar, ba ta taɓa sa shi a lissafi ba.

"Kin gani?" in ji Hajiya cike da alfahari. "Ko taɓa shi ba ki yi ba. Wannan shi ake kira kwarjini."

Ta sunkuya ta ɓanɓare yatsunsa daga zanenta ɗaya bayan ɗaya, ta fita ta ja labule. Auta ya rarrafa ya shige ƙarƙashin tebur ya dunƙule, ya rufe kansa da hannu biyu. Wani ɗan ruwa ya biyo tayil daga inda yake. Shiru-shiru ta durƙusa tana kiransa da raɗa, bai ko ɗago ba.

Malama ta durƙusa ita ma, gwiwoyinta na ƙara, bulalar har yanzu a hannunta don ba ta san inda za ta ajiye ta ba. Ta tattaro duk laushin da muryarta ke da shi, wanda ba shi da yawa, ta ce masa ya fito, ba za ta taɓa shi ba. A hankali ta faɗa, yadda ba za a ji a waje ba. Yaron ya ƙara matsawa can jikin bango.

A falo, Hajiya ta rage ƙarar talabijin.